Gandun Dajin Dindir: Yadda Ake Kula Da Shi Da Abin Da Ya Shafi Hausawan Bakin Kogi

Da yawa daga cikinmu mun san dajin Yankari na Jihar Bauchi ko na Falgore a Kano, amma ba kowa ne ya san cewa a gabashin Sudan akwai wani gandun daji na gwamnati da ya ninka Yankari fiye da sau huɗu, wanda kuma ƙauyukan Hausawa ke zaune a bakin kogunan da ke shayar da shi ba. Wannan shi ne gandun dajin Dindir. A wannan maƙala za mu kawo wa ɗalibai da sauran masu karatu bayanin inda yake, da yadda ruwa ke rayar da shi, da ƙoƙarin da hukumomi suka yi don kada ya lalace, da kuma dalilin da ya sa ɗorewarsa ta dogara ga halin da talakawan da ke gefensa suke ciki.

Inda yake da yadda aka kafa shi

Gandun yana kudu maso gabashin birnin Khartum da nisan da ya haura kilomita 400, a kan iyakar Sudan da Habasha. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 10,000, kuma ya taɓa jihohi uku: Sinnar, da Gadarif, da Jihar Shuɗin Nilu. Ya samo sunansa ne daga Kogin Dindir da ya ratsa ta cikinsa, kamar yadda garin Dindir na Jihar Sinnar ya samo nasa. A tsallaken iyaka yana manne da gandun Alatish, wanda Habasha ta kafa a 2006, kuma dabbobi na kai da komo tsakanin dazuzzukan biyu.

An kafa shi a 1935, zamanin mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar, bayan yarjejeniyar kare namun daji da tsirran Afirka da aka ƙulla a Landan a 1933. A 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da ake son kiyaye halittu tare da kula da rayuwar mutanen da ke kewaye. A shekarun 1980 aka faɗaɗa iyakarsa, abin da ya sa wasu ƙauyuka suka wayi gari a cikin gandun. A 2005 kuma aka sanya shi cikin fadamun da duniya ta ba muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Masu tsaronsa 'yan sandan kare namun daji ne, kuma babban sansaninsu a cikin dajin shi ne Galagu.

Koguna biyu da fadamun da ake kira maya

Idan muna son fahimtar Dindir, sai mun fara da ruwa. Kogin Dindir da Kogin Rahad duka suna gangarowa ne daga tsaunukan Habasha, kuma ba sa gudu duk shekara. Dindir yakan fara kawo ruwa a wajajen Yuni, ya cika ya batse a Agusta da Satumba, sannan ya tsaya a wajajen Nuwamba. Daga nan sai ya koma yashi, sai 'yan gurabu nan da can masu riƙe ruwa har rani. Dukansu biyu suna zuba a Shuɗin Nilu: Dindir a tsakanin Sinnar da Wad Madani, Rahad kuma a kusa da Wad Madani.

Kogin da ke tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yakan yi ta lanƙwasa, wani lokaci ya bar tsohuwar hanyarsa ya yanki sabuwa. Tsohuwar hanyar sai ta zama kwari mai tara ruwan ambaliya da na sama. Irin wannan wuri mutanen Sudan ke kira maya, mu kuma za mu ce fadama ko tafki. Akwai su kusan 40 a cikin gandun, daga cikinsu akwai Ras Amir, da Musa, da Abdul Gani, da Ain Shams. Da rani ya yi tsanani, ciyawar tudu ta bushe, sai maya ta riƙa janyewa a hankali tana barin ɗanyar ciyawa a gefenta. A nan ne ɓauna da gwambaza da kwanta-rafi da gadu ke taruwa, zaki kuma yana biye da su. Kifi ma a nan yake yin ƙwai ya girma, in ruwa ya sake haɗe maya da kogi sai ya fita ya bazu. Saboda haka duk wata maya da ta ƙafe, asarar ba ta tsaya kan namun daji ba, har ta kai ga masuncin da ke can ƙasa a bakin kogi.

Itatuwa da dabbobin da ke ciki

Bahaushe ba zai ji baƙunta a wannan daji ba, domin yawancin itatuwansa sanannu ne a wajenmu. A kan baƙar laka mai tsagewa da rani, dushe da aduwa suka fi yawa. Larabawan Sudan na kiran na farko talh, na biyu hijlij. A bakin kogi akwai goruba, da kurna, da tsamiya, da ɓaure, da bagaruwa wadda suke kira sunut. Ƙididdigar da aka saba kawowa ta nuna akwai manyan dabbobi iri 27, da tsuntsaye fiye da iri 160, da kifi iri 32. Ana samun jimina, da zabin daji, da gwaggon biri, da mazo, da batsiya. Gandun yana kuma kan hanyar tsuntsayen da ke barin Turai da Asiya lokacin sanyi suna yada zango a fadamun Afirka.

Sai dai jerin abin da aka rasa ma yana da tsawo. Karkanda da dorina sun daɗe da ɓacewa daga yankin. Wata irin barewa da a da ke yawo garke-garke ta ƙare a wajajen 1970. Raƙumin dawa ya ɓace a shekarun 1980, haka nan dari, wanda a da yake cikin dabbobin da suka fi yawa. Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan dabbobi ba sa zama cikin gandun duk shekara. Da damina laka kan hana su sakat, sai su fita zuwa tudu a wajen iyaka. Da aka nome wannan tudun, sai suka rasa mafakar damina, alhali iyakar gandun tana nan yadda take a takarda.

Yadda Hausawa suka zo wannan yanki

Tun kafin Turawa, alhazan ƙasar Hausa da Borno suna bin hanyar gabas da ƙafa zuwa Makka, wasunsu kuma kan zauna a hanya su yi noma ko ƙwadago don neman guzuri. Babbar ƙaura ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda a wajajen 1906 suka sauka kusa da Shaikh Talha, aka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kudu da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe noman auduga na Jazira, sai buƙatar ma'aikata ta ƙara jawo mutanen yamma. Daga nan ƙauyukan Hausawa da Fulani suka bazu a bakin Shuɗin Nilu har zuwa Rusayris, da kuma bakin Dindir da Rahad.

Sana'o'in da aka san Hausawan wannan yanki da su sun haɗa da su, da noman lambu a gaɓar kogi bayan ruwa ya janye, wanda ake kira juruf, da noman dawa da riɗi da damina, da ƙananan kasuwanci. Busasshen kifin da ake kira kajaik yana cikin abin da masunta ke kai wa kasuwa. Gasasshen naman nan mai yaji da ƙuli da ake sayarwa a biranen Sudan har yau sunansa agashe, kalmar da duk Bahaushe ya ji ya san daga ina ta fito. Mu lura cewa kowace daga cikin waɗannan sana'o'i tana rataye ne da ruwan kogi, ko ƙasar gaɓa, ko itace da gawayi, wato abubuwan da aka kafa gandun don a kiyaye.

Abubuwan da suka matsa wa gandun

Na farko shi ne noman tarakta. An fara shi a yankin Gadarif a shekarun 1940, ya bunƙasa ƙwarai daga ƙarshen shekarun 1960. Dokar filaye ta 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba ta da rajista mallakin gwamnati, sai aka riƙa yanka manyan gonaki ana ba masu jari, ana tumɓuke itatuwa ana shuka dawa da riɗi. Wuraren kiwo suka tsuke, burtali da yawa suka toshe.

Na biyu ya biyo bayan na farko. Makiyaya, irin su Rufa'a da Kinana da Fulanin da ake kira Ambararo, da suka rasa makiyaya da mashaya a waje, sai suka riƙa kora dabbobi cikin gandun da rani, musamman bakin maya. Shanu na cinye ciyawar da namun daji ke jira, suna tattake gaɓa, suna kuma iya yaɗa cuta. Ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 ta ƙara wa abin nauyi, domin makiyayan da suka saba gangarawa kudu da rani sun sami iyakar ƙasa a gabansu.

Na uku shi ne ƙaruwar jama'a a gefen gandun, musamman bayan farin shekarun 1970 da na 1984 zuwa 1985, lokacin da mutane da yawa suka taso daga yammacin Sudan suka zauna a bakin Rahad da Dindir. Wanda ba shi da gona isasshiya yakan koma ga daji: sarar itace, ƙona gawayi, yankan kaba don saƙar tabarma, ɗiban ƙaro, cin zuma, da kamun kifi a maya. Dushe ya fi shan wahala, saboda gawayinsa na da kyau, matan Sudan kuma da itacensa suke turaren jiki da suke kira dukhan.

Na huɗu gobarar daji ce, wadda kan tashi kusan kowane rani daga wutar masu cin zuma, ko mafarauta, ko makiyayan da ke son sabon toho. Na biyar kuma cikewar maya. Zaizayar ƙasa a tsaunukan da kogunan suka fito, da kuma a gonakin da aka share, tana sa ruwa ya zo da laka mai yawa. Lakar kan toshe 'yan hanyoyin da ke kai ruwa daga kogi zuwa maya, ta kuma cike kwarin, har wasu mayoyi suka koma busasshen fili.

Ƙoƙarin da aka yi

Shekaru da yawa hanyar da hukuma ta fi dogara da ita ita ce tsaro: sintiri, kama masu shiga ba izini, tara, da ƙwace wani kaso na garken da aka samu a ciki. Dokar namun daji da gandaye ta 1986 ce ta ƙarfafa wannan. Tsaron ya hana wasu ɓarna, amma ya haifar da gaba tsakanin masu gadi da makiyaya, har ta kai ga asarar rayuka a ɓangarorin biyu. Ga shi kuma da damina hanyoyin dajin ba sa biyuwa ga mota, don haka sintiri kan yi rauni tsawon watanni.

Daga shekara ta 2000 aka gwada wata hanya, ta wani shiri da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Asusun Muhalli na Duniya suka tallafa, tare da Majalisar Ƙoli ta Muhalli da Albarkatun Ƙasa ta Sudan. A cikin daji an yashe hanyoyin ruwan wasu mayoyi, an zurfafa wasu, an share hanyoyin tare gobara. A ƙauyukan gefe kuma an kafa kwamitocin raya ƙauye, aka ba su asusun bashi mai zagayawa kamar adashi, don iyalai su sayi tukunyar gas su rage dogaro da itace, ko su kama wata sana'a. An kuma tsara gandun bisa tsarin UNESCO mai sassa uku: tsakiya da ba a taɓawa, sai sashen da ke kewaye da ita inda ake barin wasu ayyuka da izini, sai na waje inda mutane ke zaune suna noma da kiwo.

Akwai kuma dokar gandun daji ta 1989, shekarar da aka kafa Hukumar Dazuzzuka ta Ƙasa. Dokar ta wajabta a bar itatuwa a kashi 10 cikin 100 na kowace babbar gonar damina, da kashi 5 cikin 100 na gonar ban-ruwa. Da an bi ta sau da ƙafa, da an sami itacen girki da inuwa da abincin dabbobi a wajen gandun, amma bin ta ya yi ƙaranci.

Ba kowane dashe ne alheri ba. An shigo da wata itaciya mai ƙaya da ake kira miskit Sudan a 1917 don tare hamada, sai ta mamaye gonaki da magudanan ban-ruwa, har a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da ita. Wannan ya sa masana suka fi ba da shawarar a dasa itatuwan gida, irin su bagaruwa, da aduwa, da dakwara mai ba da ƙaro.

Rabon gari da gine-ginen jama'a

Itacen da ake sarewa a daji yawancinsa a gari yake ƙarewa. Gidajen burodi, da masu shayi, da masu agashe, da gidajen jama'a duk gawayi da itace suke ci. Matoyar jan bulo da ke jere a gaɓar Shuɗin Nilu ita ma itace take ci, kuma da wannan bulon ake gina makarantu da masallatai da ofisoshi. A makarantun allo na Sudan, waɗanda ake kira khalwa, akwai wutar karatun dare mai suna tuggaba, kamar yadda almajiranmu ke kewaye wuta da alluna a tsangaya. Ke nan hukumar gari da kwamitin masallaci da shugaban makaranta suna da hannu a makomar dajin ko da ba su taɓa taka shi ba. Fitila mai aiki da hasken rana a makaranta, da famfon rijiya mai aiki da hasken rana maimakon injin dizal, da murhu mai tattalin itace a ɗakin girkin ɗalibai, da dasa itatuwa a harabar masallaci a riƙa shayar da su da ruwan alwala, duk suna rage abin da ake nema daga daji.

Biranen yankin suna da nasu ƙananan gandaye. A Wad Madani akwai dajin Umm Barona a bakin Shuɗin Nilu, inda mutanen gari suka saba zuwa shan iska. A Khartum, kafin yaƙin 2023, akwai dajin Sunut a bakin Farin Nilu, kusa da mahaɗar kogunan biyu. Bagaruwar irin waɗannan dazuzzuka tana jure zama cikin ambaliya tsawon watanni, tana riƙe gaɓa, tana ba da katako, 'ya'yanta kuma majema na jima da su.

Hurumi da haƙƙin mai ƙaramin garke

Keɓe wuri don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A ƙasar Hausa muna da hurumi, da burtali, da makiyaya, waɗanda sarki da dagaci ke karewa. A fiƙihu ana kiransa hima. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar (RA) kuma ya keɓe Rabaza. Abin da ya zo a Muwaɗɗa da Sahihul Bukhari shi ne, Umar ya umarci mai gadin hurumin da ya sassauta wa mutane, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare garken manyan masu dukiya, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma gare su, talaka kuwa ba shi da inda za shi sai ƙofar shugaba. Idan muka auna Dindir da wannan ma'auni, za mu ga an yanka wa mai jari fili a waje, an bar mai ƙaramin garke da mai gatari suna fuskantar mai gadi. Gyaran yana farawa ne daga buɗe burtali, da haƙa mashaya a wajen iyaka, da tilasta bin dokar kashi 10.

Halin da ake ciki a shekarun nan

Batun ƙasa a wannan yanki ba abin wasa ba ne. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a Jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu kan filaye da sarautar gargajiya, ya sake tashi a Oktoba a Wad al-Mahi, inda ɗaruruwan mutane suka rasu, dubun-dubata suka bar gidajensu. Sai kuma yaƙin da ya fara a 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Dakarun sun kama Wad Madani a Disambar 2023, suka shiga Sinja da garin Dindir a tsakiyar 2024, kafin sojoji su karɓe Dindir a Oktoba, Sinja a Nuwamba, Wad Madani kuma a Janairun 2025. Duk inda yaƙi ya katse gas da lantarki, mutane kan koma ga itace da gawayi, kuma wanda aka raba da gidansa ba za a zarge shi don ya sari reshe ya dafa wa 'ya'yansa abinci ba.

Don haka duk wani shirin farfaɗo da gandun bayan yaƙi zai buƙaci a zauna da masunta, da manoman juruf, da makiyaya, da masu manyan gonaki, a fayyace wa kowa inda zai sami ruwa da ciyawa da makamashi, a kuma koma ga yasar hanyoyin maya kafin damina. Mu ma da ke nesa muna da abin dubawa a gida, domin matsalar Falgore da Yankari da fadamun Haɗejiya da Nguru ba ta da nisa da wannan. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mayar da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu cikin aminci.